Wa Ya Taya Gidan Mama Vaso?

Akwai wani dillalin gidaje a yammacin birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya mai suna Desmond Pirotta, amma kowa Des yake ce masa. Shekararsa goma sha tara a sana'ar. Yana da murya mai kai wa ƙarshen titi, yana da kwat masu tsada, yana da haƙoran da likita ya yi wa aiki har suka fi farantin tangaran haske. Abin da bai taɓa mallaka ba shi ne kunya.

Lasisinsa na rataye a bangon ofis. Duk takardar da hukumar jiha ta aiko wa dillalai a kan wata sabuwar ƙa'ida, Des kan ɗora kofin kofinsa a kai don kada teburi ya ɓaci.

"Takarda ce ke sayar da gida ko baki?" Haka yake tambayar duk wanda ya yi masa maganar doka.

Ofishin ba nasa ba ne. Na wata mata ce, Noelene Bartlett, wadda ta ba shekara sittin baya. Sunanta ne a wurin hukuma a matsayin mai ɗaukar alhakin duk abin da aka yi a ƙarƙashin rufin nan. Ba ta da hayaniya, kuma ba ta sa hannu a kan abin da ba ta karanta ba. Des na kiranta "Anti" a gabanta, a bayanta kuwa "Uwar Doka".

Ranar Asabar ce ranar Des. A nan ake gwanjon gidaje a bakin titi, a ƙofar gidan da za a sayar, maƙwabta su fito da karnukansu su yi kallo. Des kan tsaya a gaban jama'a, ya naɗe takardar ciniki a hannu, ya yi ta zuba kamar mai wa'azi.

Yana da wata dabara. Idan mai saye ɗaya ne kawai ya zo da gaske, sai Des ya ƙirƙiro masa abokin takara. Zai ɗaga hannu ya nuna can bayan taro, ya ce, "Na gode yallaɓai, na gani!" Alhali babu wani yallaɓai. Wata rana bishiya ce, wata rana akwatin wasiƙa, wata rana motar da aka ajiye. Mai sayen gaskiya kuwa idonsa na kan Des, ba ya waiwaye. Sai ya ƙara kuɗi don ya tsere wa iska.

Doka ta hana wannan ƙiri-ƙiri. Ta yarda mai gwanjo ya taya gida a madadin mai gida, amma sai ya faɗa da babbar murya kowa ya ji cewa tayin mai gida ne. Wannan kuwa Des ya raina shi.

Wata ranar Juma'a da rana Noelene ta kira shi ofishinta, ta ce ya rufe ƙofa.

"Des, na ji wata magana a kan gwanjon makon jiya. An ce hannunka ya nuna inda babu kowa."

"Wa ya ce?"

"Ba wanda ya ce ba ne damuwata. Gaskiya ne?"

Des ya yi dariya, ya zauna a gefen teburinta. "Haba Anti. Mutum sittin a titi, rana a idona. In wani ya sosa kai na ɗauka tayi ne, laifina ne?"

"In kana son ɗaga farashi, ka ce tayin mai gida ne. Hanyar a buɗe take."

"In tsaya gaban jama'a in ce mai gida ke taya gidansa? Ai na gaya wa duniya ke nan babu mai so. Wannan aikin masu koyo ne."

"Sauka mini daga teburi," in ji ta. Da ya sauka ta ce, "Lasisinka ne, kuma sunana ne. Gobe gidan Mama Vaso. Ka yi shi da tsabta."

"An gama, ranki ya daɗe," in ji Des, har da ɗan rusunawa. Yana fita ya murguɗa baki.

Mama Vaso tsohuwa ce 'yar Girka, shekararta saba'in da takwas. Shekara hamsin ta yi a gidan nan, ita da mijinta da ya rasu suka dasa lemun tsamin da ke ƙofar gida. Gwiwoyinta sun gaji, za ta koma kusa da 'yarta a garin Geelong. Ta ce in an kai dala dubu ɗari bakwai da sittin ta sallama, ba ta neman fiye da haka. Duk zuwan da Des ya yi sai ta cika masa leda da biskit ɗin da ta gasa, tana ce masa "ɗana". Shi kuwa yana shiga mota yake jefa ledar kujerar baya.

Makonni huɗu ana buɗe gidan ana dubawa, amma mai saye na gaske ɗaya ne: Tevita Fonua, direban bas ɗan asalin ƙasar Tonga, ƙaton mutum mai sanyin magana. Matarsa Losa na aiki a gidan kula da tsofaffi. 'Ya'yansu huɗu, suna haya a gida mai ɗaki biyu. Gwanjo shida suka halarta a shekarar, shida aka kayar da su.

Des na alfahari da cewa yana karanta aljihun mutum a fuskarsa. Ya dubi takalmin Tevita, ya dubi motarsu, ya dubi yadda Losa ta tsaya a kicin tana shafa bango. Ya yanke a ransa cewa za su kai dubu ɗari takwas cif.

"Direban nan ya riga ya tare a zuciyarsa," ya gaya wa kansa. "Sai na tatse shi tas."

Asabar ta yi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Titi ya cika. Motar kofi da ofis ya ɗauko tana raba wa mutane kyauta. Mama Vaso da 'yarta na cikin falo a bayan labule, Noelene na zaune tare da su kamar yadda aka saba.

Des ya fito yana murmushi. Ya karanta ƙa'idojin gwanjo da doka ta ce a karanta, amma da gudu, kamar mai kurkure baki. Sannan ya buga naɗaɗɗiyar takardar a tafinsa.

"To jama'a! Ɗaki uku, fili a baya, lemun tsami kyauta har ƙarshen rayuwa! Wa zai taya?"

Kowa na kallon takalminsa. Can Tevita ya ɗaga hannu.

"Dubu ɗari bakwai."

"Madalla da namiji! Ɗari bakwai a nan gaba!" Des ya juya ido, ya miƙa hannu ta saman kawunan mutane, can wajen wata farar motar mai gyaran famfo da aka ajiye a tsallaken titi. "Da goma! Na gode yallaɓai, na gani! Ɗari bakwai da goma can baya!"

Tevita ya ce da ashirin. Na baya ya ce da talatin. Tevita ya ce da arba'in. Haka aka yi ta hawa, Tevita na share gumi da bayan hannu, Losa na riƙe da gefen rigarsa. Ba su waiwaya ba. Wanda aka kayar sau shida ya riga ya san akwai wanda ya fi shi, ba ya buƙatar ganin fuskarsa.

Da aka kai ɗari bakwai da sittin a hannun Tevita, Des ya ce a dakata, zai shiga ya ji ta bakin mai gida.

Mama Vaso ta kama hannunsa biyu. "Ya isa, ɗana. Sallama wa direban. Na ga matar, mutanen kirki ne."

"Mama, bar mini. Yanzu aka fara."

Noelene ta dube shi ta saman tabarau. "Wa ke takara da direban? Daga nan ba na hango shi."

"Wani ne daga Sydney," in ji Des, ya fice.

Ya koma titi ya buɗe hannuwa. "Jama'a, albishirinku! Mai gida ta yarda! Gida ya shiga kasuwa! Daga yanzu babu ja da baya, wanda ya fi tayi shi ke da gida!"

A nan mai hankali, ko da maƙaryaci ne, zai tsaya. Mai gida ta samu abin da take so, mai saye na tsaye da kuɗinsa. Amma Des ya riga ya sa wa ransa ɗari takwas, kuma ya riga ya shirya yadda zai ba da labarin a mashaya da yamma.

Ya sake miƙa hannu wajen farar motar. "Da saba'in!"

Tevita ya sake ɗaga hannu. "Da saba'in da biyar."

"Da tamanin can baya!"

Losa ta raɗa wa mijinta wani abu. Ya gyaɗa kai. Sannan ya zuba duk abin da ya rage masa lokaci guda, ko ya tsorata abokin takarar.

"Da casa'in."

Des ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Wanda ya yi tsalle irin wannan, a lissafinsa, yana da sauran goma a ɓoye. Hannunsa ya tashi tun kafin ya gama tunani.

"Da casa'in da biyar! Na gode yallaɓai! To abokina direba, cike mana ɗari takwas mu tafi gida!"

Tevita ya girgiza kai.

Des ya yi dariya. "Haba ɗan'uwa! Dubu biyar za ta raba ka da gida? To kawo dubu biyu."

"Na ƙare, oga."

"Dubu ɗaya. Madam, yi masa magana mana. Dubi filin nan, ina yara za su sami irinsa?"

"Ya ce ya ƙare," in ji Losa. "Abin da banki ya ba mu ke nan. Ko dala ɗaya babu a kai."

Murmushin Des bai gushe ba, amma ya bushe a fuskarsa. Tayi mafi girma na hannunsa, kuma babu mai shi. Ba zai iya cewa a janye gidan ba, don da bakinsa ya ce ya shiga kasuwa. Ba zai iya buga takarda ya sallama ba, don babu wanda zai zo ya sa hannu.

"Kira na farko," ya ce, a hankali. "Ɗari bakwai da casa'in da biyar. Kira na farko, jama'a. Ku yi tunani da kyau."

Ya koma yabon gidan. Ya yabi rufi, ya yabi makarantar unguwa, ya yabi tashar jirgin ƙasa. Ya yi kira na biyu, ya sake komawa kan rufi.

Wani daga cikin taro ya ɗaga murya: "Kai malam, buga mana! Ƙwallo za mu je kallo!"

Aka yi dariya. Tevita ya saki dogon numfashi, ya ce, "Oga, sallama wa bawan Allah. Ya fi ni, gidansa ne."

Sannan ya yi abin da ya yi a duk gwanjon da aka kayar da shi, don haka aka tarbiyyantar da shi. Ya juya zai je ya ba wanda ya yi nasara hannu.

Mutane suka dare masa hanya. Ya ratsa su, hannunsa a miƙe, har ya isa tsallaken titi. Ga farar motar, babu kowa a ciki. Ga kwandon shara mai jan murfi. Ga wani tsoho maƙwabci mai suna Clarrie, sanye da gajeren wando da silifa, yana hura kofi.

Tevita ya duba hagu, ya duba dama. "Ina yake?"

Losa ba ta motsa daga inda take ba. Ta dubi Des kai tsaye. "Yallaɓai, cikin ƙa'idojin da ka karanta ɗazu da gudu, na ji an ce in an tambaye ka wanda ya taya, dole ka nuna shi. To na tambaya. Nuna mana shi."

Wayoyi suka fara tashi sama. Wasu ma tun farko suke ɗauka.

Des ya miƙa yatsa. "Wancan dattijon."

Clarrie ya waiga bayansa, ya ga shinge ne kawai. Ya nuna ƙirjinsa. "Ni? Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Fansho nake ci. Kofin kyauta ya kawo ni. Da me zan saya, da silifa?"

Titi ya kwashe da dariya.

"Ba shi ba," in ji Des da sauri. "Na kusa da shi. Wani dogo. Yanzu ya bar wurin."

"Tun kafin ka fara nake tsaye a nan," in ji Clarrie. "Daga ni sai kwandon shara. Shi ma ban ji ya yi magana ba."

Ana cikin haka ƙofar gida ta buɗe. Mama Vaso ta ji an kira ɗari bakwai da casa'in da biyar ta taga, ta kasa haƙuri. Ta fito tana dogara sanda, 'yarta na biye da faranti cike da biskit, hawayen murna a fuskarta.

"Ina wanda ya saya? Ku kawo mini shi. Zan gaya masa yadda ake shayar da lemun nan, ba ya son ruwa da yawa."

Dariyar ta mutu. Babu wanda ya iya kallonta.

Des ya bar ta tsaye, ya ruga wurin Tevita, ya sassauta murya. "Ɗan'uwa, ka ci sa'a. Mutumin ya gudu. Tayinka na casa'in ya tsaya, gida naka ne. Zo mu shiga ka sa hannu."

Tevita ya dube shi daga sama har ƙasa. Losa ce ta yi magana.

"Tun daga ɗari bakwai da wa muke takara?"

"Madam, ki fahimta..."

"Na fahimta. Mijina na tashi ƙarfe huɗu ya ja bas. Ni ina wanke tsofaffin mutane. Ka tsaya a nan da kwat ɗinka kana sa mu tsere da kwandon shara. Tir da kai."

Ta je ta rungumi Mama Vaso, ta ce mata ta yi haƙuri, ba laifinta ba ne. Suka shiga motarsu suka tafi. Gidan bai sayu ba.

Noelene ta riƙo tsohuwar ta mayar da ita ciki. Ko kallon Des ba ta yi ba.

Ranar Litinin Des ya riga kowa zuwa ofis. Ya sayo wa Noelene kofi, abin da bai taɓa yi ba.

"Anti, abu ne mai sauƙi. Ki rubuta a rahoto cewa wani mai saye ya taya ya gudu. Yana faruwa. Ni da ke muka faɗi abu ɗaya, magana ta mutu."

"Na riga na rubuta rahoto," in ji ta. "Jiya na aika wa hukuma."

"Me kika ce musu?"

"Abin da ya faru. Da abin da na ji makon jiya, da abin da na gaya maka ranar Juma'a."

Des ya ajiye kofin da ƙarfi har ya fantsama. "Shekara goma sha ɗaya ina ciyar da ofishin nan! Rabin gidajen da aka sayar ni na sayar!"

"Nawa ne a cikinsu bishiya ta taya?"

Ta nuna masa teburi.

"Ajiye makullan ofis a nan. Ba za ka ƙara tsayawa gaban gida da sunana ba."

Daga mota ya kira mijin ƙanwarsa, Vince, mai shagon gyaran mota.

"Vince, taimako ɗaya. Za ka ce kai ne ka taya, sai ka tsorata ka gudu. Kalma biyu kawai."

"Tsaya in gane, suruki. In na ce da gaske na taya, sai a tambaye ni ina kuɗin. In na ce da wasa na taya, ni ma na karya doka. Wanne ka zaɓar mini?"

"Ba za a kai nan ba."

"Kuma ranar Asabar ina ƙarƙashin motar wani tun safe, mutum biyar sun gan ni. Ƙanwarka ta nuna mini bidiyon, Des. Sau uku na kalla. Tsohon nan mai silifa ya kashe ni da dariya."

Vince ya kashe wayar.

Mako uku bayan haka Noelene ta je har gidan hayar su Tevita da kanta. Ba ta yi wani dogon bayani ba. Ta gaya musu farashin da Mama Vaso ta ce ya ishe ta tun farko, ɗari bakwai da sittin, ta ce in suna so ga shi, babu gwanjo, babu na baya. Losa ta ce sai sun kwana biyu suna shawara. Suka kwana biyu, suka saya.

Maganar Des kuwa ta ɗauki wata bakwai kafin a zauna a kotun da ke sauraron ƙarar dillalai. Ya zo da lauya da sabon kwat. Har a lokacin yana ganin bakinsa zai fitar da shi, don bai taɓa shiga ɗakin da ya kasa sayar wa mutanen ciki wani abu ba.

Alƙaliyar mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya. Ta saurari Tevita, ta saurari Clarrie, ta saurari Noelene. Sannan ta juyo kan Des.

"Malam Pirotta, siffanta mini mutumin."

Des ya gyara zama. "Dogo ne, ranki ya daɗe. Fari, yana da shuɗiyar hula da baƙin tabarau. Zai yi shekara hamsin. Da ido yake tayi, irin ƙwararrun nan. Sai wanda ya daɗe a sana'a ke gane su."

"Da ido. Ta cikin baƙin tabarau."

"Da... da kai, nake nufi. Yana ɗan gyaɗa kai."

"To."

Ta sa aka kunna bidiyon da wata maƙwabciya ta ɗauka daga saman bene, inda ake ganin titin gaba ɗaya. Duk lokacin da hannun Des ya tashi wajen farar motar, sai ta ce a tsayar. Sau shida aka tsayar. Sau shida ana ganin mota, da kwandon shara, da Clarrie da kofinsa.

"Taso ka zo gaban allon," in ji ta. "Ɗora yatsanka a kan mai shuɗiyar hular."

Des ya taso. Ya tsaya gaban allon, ya kai fuska kusa, ya ja baya. Lauyansa ya sunkuyar da kai yana jujjuya biro.

"Muna jira," in ji alƙaliyar.

Des ya juyo, fuskarsa ta yi ja. "Ranki ya daɗe, kowa na yi. Duk wanda ya ce miki bai taɓa yi ba, ƙarya yake. Mai gida nake yi wa aiki, kuɗi nake nema mata."

"Mai gidan ta ce ka sallama, ka ƙi. A ranar ta kwana da gidan da ba ta iya hawa matakalarsa. In kuma kana da sunayen masu yi, ga magatakarda nan, zai rubuta."

Des bai ba da suna ko ɗaya ba.

Ta karanta hukunci ba tare da ta ƙara kallonsa ba. An soke lasisinsa. Shekara biyar ba zai sayar da gida ba, ba zai yi gwanjo ba, ba zai yi aiki a ƙarƙashin lasisin wani dillali ba. Ga tara a kai. Ta ce lasisi ba ladan iya magana ba ne, alkawari ne jiha ta yi wa jama'a cewa wanda ke riƙe da shi ba zai cuce su a kan abu mafi tsada da za su saya a rayuwarsu ba.

Noelene ma ba ta fita fes ba. An rubuta mata gargaɗi, don ta ji ƙishin-ƙishin amma ta bar shi ya tsaya gaban jama'a washegari. Da aka karanta, ta miƙe ta ce, "Na karɓa. Daidai ne."

A bakin matakalar kotu Des ya tare ta. Ya kwance ɗaurin wuyansa, muryar nan mai kai wa ƙarshen titi ta koma ƙarama.

"Anti, shekara biyar. Shekarata arba'in da takwas, ban iya komai ba sai wannan. Me zan yi?"

Noelene ta gyara jakarta a kafaɗa, ta dube shi kamar yadda take duba takardar da ba za ta sa wa hannu ba.

"Ka ci gaba da sayar wa wanda babu shi, Des. Wannan ba ya buƙatar lasisi."

Ta sauka matakalar ta bar shi a tsaye.

Darasi: Duk takardar izinin da aka ba ka don ka yi wa jama'a aiki, amana ce, ba ado ba. Ƙa'idar da kake rainawa ita ce ke kare mai ƙaramin ƙarfi daga irinka, kuma ƙaryar da ka saba yi ba a kama ka ba, rana ɗaya za a ce ka ɗora yatsa a kanta a gaban kowa. In kai ne shugaba kuma ka ji ƙishin-ƙishin, kada ka tsaya a gargaɗi. Ku tura wa duk dillalin da kuka sani, da duk wanda ke shirin sayen gida, ya san yana da ikon ya waiwaya ya ce a nuna masa wanda yake takara da shi.